Tsinken Awon Ƙafar Dikko

Ku yaran da kuke tsayawa bakin rumfarmu kuna cewa dukanci zaman inuwa ne, ku matso kusa. Na ji ku da kunnena. Ranar nan wani mai majina a cikinku ya ce wai in an ba shi basilla, shi ma zai ɗinka takalmi kafin la'asar. To, ni Nomau, shekarata goma sha bakwai, takwas daga ciki a wannan sana'a na cinye su. Saboda haka in ana jera tsofaffin dukawan Bodinga, daga Kawu Arzika da wasu dattawa uku da haƙoransu suka zube, sai ni. Ku buɗe kunne.

Fatar farko da na taɓa, ba a rumfa na taɓa ta ba. A majema ne, can bayan gari, inda ko kare sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya bi. Kawu Arzika wan innata ne, shi ne kuma maigidana, ya ce ba zai sa mini wuƙa a hannu ba sai na san yadda fata take tun tana ɗanya. Za ka jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ka kankare, ka tsoma ta a ruwan kashin tattabaru ta yi laushi, sannan ta kwana ta wuni a ruwan bagaruwa kana juya ta da hannu. Shekara uku na yi a wurin. Innata tana sona ƙwarai, amma a shekarun nan da ludayi mai dogon hannu take miƙo mini fura. Ungulu uku sun san gidanmu, har sukan rako ni su ga na shiga lafiya. In na je wasan dandali, fili nake samu ni kaɗai kamar hakimi ya sauka. Ku riƙe wannan majemar a ranku, don za mu dawo kanta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙa mai faɗin baki, basilla babba da ƙarama, guntun katakon da ake yanka a kai, dutsen wasa wuƙa, da ɗan man shanu a ƙaho na tausasa fata. Launi kuwa, karan dafi shi ke ba da ja, kuloko baƙi, gangamau rawaya. Duk waɗannan yaro yana iya ɗauka. Wuƙa ce dai ba a ba shi tasa, aro yake yi, ya wasa, ya mayar inda ya ɗauka. A wurinmu, ranar da maigidanka ya ba ka wuƙar kanka, ran nan ka zama baduku. Kafin nan, kai mai jiran rumfa ne kawai, ko da gemunka yana sharar ƙasa.

Layar farko da na ɗinka ta wani jariri ce. Na ɗora ta a cinya, na lanƙwasa jar fata, na bi da basilla a hankali, ɗinki ya fito siriri kamar jerin tururuwa. Da na gama na ɗaga ta in nuna wa Kawu, sai rigata ta biyo ta. Ashe na haɗe su tun daga sukar farko. Uban jaririn ya ce shi laya ya zo karɓa, bai shirya ɗaukar yaro na biyu ba. Gugan farko kuma na wata tsohuwa ne a unguwarmu. Ta dawo da shi da hantsi ta ce guga ne mai tausayi, ba ya son ta ɗauki nauyi, duk ruwan da ya ɗebo sai ya mayar wa rijiya kafin ya iso sama. A nan na koyi cewa ɗinkin guga ninki biyu ake yi, kuma da jiƙaƙƙiyar tsirkiyar fata, don in ta sha ruwa ta kumbura ta toshe ramin basilla.

Ɗamarar wani ɗan doka ita ce aikin da na yi a makon da aka sami mulkin kai. An raba wa 'yan makaranta tutoci, gari ya cika da kiɗa, shi kuma yana son ya fita fes. Ya ce in ƙara masa huda ɗaya. Na dubi cikinsa na ƙara uku. Ya zage ni, ya ce ni ɗan rainin wayo ne. Bayan kwana biyu da aka ci tuwon biki, na gan shi a bakin hanya, a huda ta ukun ya ɗaure. Mai sana'a ba abin da aka faɗa masa kaɗai yake ji ba, yana kuma duba mutumin. Na ɗauka daga ranar na gama sanin mutane. Ashe ko ƙofar ban kai ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Ba fari aka yi ba, ba fara ba. Takalmin roba ne ya sauko daga motocin kudu, buhu-buhu, yana sheƙi kamar an lashe shi. Ba ya jin ruwa, ba ya son mai. Da rana tsaka yakan dafa ƙafar mutum kamar rogo, amma wa ya damu? Mutanen da kakanninsu suka taka ɗinkin kakanninmu suka riƙa wuce rumfarmu suna kallon wani gefe. Muna iya wuni a kasuwar Bodinga, ƙuda kaɗai ke zuwa tayi. Dukawa biyu suka koma noman albasa. Abin da ya riƙe mu shi ne kasuwar Shagari, inda muke zuwa kowane mako da jaki, kuma abin da ya riƙe mu a Shagari mutum ɗaya ne, wani dattijon Bafillace mai suna Ja'e. Rugarsu tana kan hanyar Kajiji. Ba mai yawan magana ba ne, amma inda ya kai ƙafarsa, nan duk mutanen rugar suke kai tasu.

Ja'e yana da 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin, Sambo, a wuya yake ɗauko shi, ya saya masa alewa, ya dire shi a kan tabarmarmu ya ce a zana ƙafarsa a fata, yana dariya in yaron ya ji cakulkuli. Babban kuwa, Dikko, ɗan farinsa, tsarana ne, kuma ban taɓa ganin su sun jera ba. In uban yana rumfar dukawa, ɗan yana can kara wajen shanu. Kowace shekara bayan an gama girbi, lokacin da samari za su tafi da garke kudu neman ciyawa, Ja'e zai gama sha'anin Sambo, ya miƙe kamar zai tafi. Sai ya ɗaga kai yana kallon sama, ya zaro wani busasshen tsinken gamba daga cikin malafarsa, ya sake shi a kan tabarma kamar faɗuwa ya yi.

"Akwai wani yaro can wurinmu," zai ce. "In ƙirgi ya ragu."

In ƙirgi ya ragu! Ƙirgi shi ne jemammiyar fatar sa, da ita ake tafin takalmi. Wato ɗan da zai taka ƙaya da tsakuwa wata biyar, shi za a yi wa da ragowa, ba suna, ba kallo, awonsa ma da tsinken da aka tsinta a hanya. Duk shekara in na ji wannan magana sai in ji haushi. Na lura dai Kawu ba ragowa yake ɗauka ba, gadon bayan ƙirgi yake yankowa, inda ya fi kauri, kuma da hannunsa yake ɗinkawa, in ya gama ya ɗaure tsinken a jikin takalmin ya mayar. Na ɗauka tausayin maraya mai uba yake yi.

A shekarar robar nan basilla ta soki Kawu a babban yatsa, yatsan ya kumbura ya yi kamar gwaza. Da Ja'e ya saki tsinkensa, Kawu ya dube ni ya ce, "Nomau, bana kai ad da wanga aiki. Ka adana tsinken ga." Ya tashi ya nufi rumfar wanzamai a duba masa hannu. Ja'e ya koma ya zauna yana jiran in gyara igiyar takalmin Sambo.

Ni kuwa na ga rana ta zo. Na ce da shi ina zuwa, na ruga kara, na sami Dikko yana riƙe da igiyar wani bijimi. Na ce Kawu ke kiransa, maza. Ya biyo ni bai san komai ba. Muna isowa ya hangi wanda ke zaune, ya ja da baya, na damƙe hannunsa. Na ɗaga murya yadda masu gishiri da masu goro za su ji, don aikin alheri ba ya son a ɓoye shi, a ganina.

"Baba Ja'e, ga ɗanka Dikko! Dikko, ɗan cikinka! Dube shi mana, ba dodo ba ne. Yanzu an sami mulkin kai, kai ya waye. A zana ƙafarsa kamar ta kowane ɗa. Wannan kuwa," na ɗaga tsinken, na sakace haƙorina da shi, na karya shi biyu, na jefar.

Na tsaya ina jiran a yi mini tafi. Kasuwa ta yi tsit, har ina jin akuya tana tuƙa a layi na uku. Ja'e ya jawo malafarsa ta rufe masa fuska har haɓa. Ya ɗauki Sambo, da takalmi ƙafa ɗaya, ya bi gabas. Dikko ya fizge hannunsa ya bi yamma, da gudun da ban san mutum yana iya yi ba. A kan tabarma kuwa ga sandar Ja'e kwance. Ku da ba ku sani ba, Bafillace yana iya manta abincinsa, yana iya manta hanyar gida, amma ba ya manta sandarsa sai abin da ya same shi ya fi ƙarfinsa.

Kawu ya iso da yatsa a naɗe, mai goro ya riga ni ba shi labari, har da ƙari. Bai doke ni ba. Da ma dukan ya yi.

"Mi kay yi, Nomau?"

"Gyara na yi, Kawu. Mutumin nan ba ya son ɗansa."

"Kai ka shiga cikinai ka gani?" Ya zauna, ya yanko gadon bayan ƙirgi da hannu ɗaya, ya cusa a burgami da basilla da tsohuwar wuƙar aro. "Garke na tashi ranar kasuwa mai zuwa. Ka kai mai sandatai. In yaron ga ya bi shanu da ɗinkinmu, kuma ta hannun ubanai awon ya hito, to. In kuwa da roba ya tahi, duk rugar ta tahi ke nan. Kai kuma ka koma majema, har sai ungulayen nan sun yi ma jikoki."

Na kama hanyar Kajiji da sanda a kafaɗa, ina shirya wa'azin da zan yi musu. Ban kai ga buɗe baki ba wani jan sa mai ƙaho kamar reshen kuka ya karɓe ni, ya zagaya da ni rugar sau biyu, ya ajiye ni a kan wata bukka. Daga cikin bukkar wata tsohuwa ta fito, siririya kamar muciya, ta dube ni sama, ta tuntsire da dariya.

"Kai ne Kaɗon da ya yi shela a kasuwa? Sauko, mai bakin ganga."

Ita ce Nenne, mahaifiyar Ja'e, kuma ita ta goyi Dikko tun daga yaye. Ta ba ni kindirmo a ƙwarya, na kafa kai ban ɗago ba sai da na ga ƙasan ƙwaryar. Ta riƙe haɓa tana kallona.

"Ka san abin da muke cewa a kanku? Mukan ce Haɓe ba su da iyayen da za su hana su. Ƙato da gemu ya zauna tsakiyar kasuwa ya wangale baki yana cin ƙosai, surukinsa na wucewa. Ina yarinya na ɗauka yunwa ce ta haukata ku duka."

"Ai ba haka ba ne, Nenne. Mu cin abinci a kasuwa ba abin kunya ba ne."

"To, ka gani. Ni sai da na yi shekara talatin ina kai muku nono kafin in yarda kuna da hankali. Kai kuma wuni nawa ka yi a cikinmu?"

Ja'e kuwa, kwana biyu ban ga komai nasa ba sai ƙeyar malafa. In na ɓullo ta gabas, ya tuna yana da aiki a yamma. Sandar ma na rasa yadda zan miƙa masa. Sai na ce bari in bi ta gajeriyar hanya. Na sami Dikko a wurin kiwo, na shimfiɗa ƙirgi a gabansa, na ce ya taka in zana, ba wanda zai sani. Ya tura ƙafafunsa cikin rairayi har idon sawu.

"Kaɗo, ba don kai baƙon Nenne ne ba, da na auna bayanka da wannan sandar. Ka san tun ranar ban iya shiga ruga sai shanu sun rufe ni?"

"Ni fa taimakonka na yi."

"Ka kira sunana a gabansa. Ka sa ya ji. In ya dube ni a cikin mutane ya ce wane, to, ya mai da ni baƙo ke nan, ko bara. Takalmin da ka auna da kanka, naka ne, ka sa abinka. Ni na mai garke nake jira."

Mai garke, haka yake kiran ubansa. Na dawo bukkar Nenne ina gunaguni, na ce ni ban taɓa ganin mutanen da ke wahalar da kansu irin waɗannan ba. Ta ce in zauna. Ta sa hannu a rufin bukka ta zaro wani tsohon gora, ta zazzage shi a kan faifai. Tsinkayen gamba ne. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya. Na farkon bai kai ɗan yatsana ba. Na bayansa ya ɗara shi kaɗan, haka suka yi ta hawa kamar yara a sahun makarantar allo, har zuwa na bara. Kowanne da tsaga biyu a jikinsa.

"In Arzika ya maido, nan uban yake kawowa ya soke, wai ni ban gani ba," in ji ta. "Ɗan fari namu ne, mu kakanni. Yaro ya haihu jiya, ya ɗauki ɗa yana juyi da shi a gaban uwar da ta haife shi, yana nuna mata shi ma ya kai? Ba mu yin haka. Sai ya kau da ido. Amma idon da aka kawar, ba rufe shi aka yi ba." Ta nuna mini tsagar ƙasa, ta ce faɗin ƙafa ne. Ta nuna ta sama. "Wannan kuma ta hagu ce. Saniya ta taka shi yana rarrafe, babban yatsan ya karkace. In ba a gusa hancin takalmin ba, kwana ɗaya zai yi ya fara ɗingishi."

Shekara biyar ina kallon Kawu yana gusa hancin takalmin hagu, na ɗauka tsufa ne ya sa hannunsa yake kaucewa. Tsagar da na sakace haƙori da ita ke nan.

"Kai ma tsaya," ta ce. "Kana da wa?"

"Ina da shi, Mamman."

"Innarka da wane suna take kiransa?"

Tun da nake, ban taɓa jin innata ta ce Mamman ba. "Yaron nan" take cewa, ga shi da mata da 'ya'ya biyu. Kuma duk gidanmu an san in nama ɗaya ne a miya, a kwanon wa zai faɗa. Ban taɓa cewa ba ta sonsa ba. Namu ne, shi ya sa ban gan shi ba.

Washegari da sassafe ta ce in je in hau tsamiyar bakin tabki, in kuma bar bakina a bukka ta ajiye mini. Na hau. Shanu suka zo suka sha suka wuce. Sai ga Dikko a bayansu. Ga busasshiyar hanya shimfiɗe, amma ya ratse ya shiga laka. Ya dasa ƙafar dama, ya danna. Ya dasa ta hagu, ya danna har da ɗan lilo, kamar mai koyon rawa. Ya zare a hankali don kada sawun ya ɓaci, ya wuce bai waiga ba. Can an jima sai ga Ja'e, yana faɗa da ƙarfi wai wani ɗan maraƙi ya ɓace masa, maraƙin da na baro ɗaure yana barci. Ya zo kan sawun ya tsaya. Ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo, har ya sa yatsa ya cire wani ganye da ya faɗa ciki. Amma bai yanki tsinke ba. Ya miƙe ya tafi.

Na sauko na koma bukka. Nenne ta ce jiya ta ji Ja'e yana gaya wa wata saniya cewa mai roba ba ya tambayar sunan kowa. Nan take warin majema ya dawo mini a hanci.

Na ce, "Nenne, in je in ba shi haƙuri."

"Ka tsaya gabansa ka sake tono maganar? Kai dai ba ka gajiya da shela."

"To, ya zan yi, tunda ba ya magana da kowa sai saniya?"

Ta dube ni, ta ci gaba da kaɗa nononta. Sai da na kai bakin ƙofa na gane na amsa wa kaina.

Da safe, bayan Dikko ya gama rawarsa a laka, na kafa sandar Ja'e a gefen sawun, na ajiye damin gamba da na yanko, na zauna na ba hanya baya. Akwai wata tsohuwar farar saniya da kullum take zama baya. Da na ji takun mutum ya tsaya, sai na fuskance ta.

"Ke saniya, ina kwana. Ki ji wani abu. Akwai wani yaron dukawa a Bodinga, jaki ya fi shi hankali, don jaki in ya yi kuka yakan huta. An ba shi ajiyar tsinke ya ɓatar. Ga ƙirgi ya ragu, ga basilla, amma bai san inda zai sa wuƙa ba. In kin san wani mai tsinke, ki ce masa yaron nan ba zai ƙara ɗaga murya ba, ko gobara ya gani sai dai ya nuna da hannu."

Saniya ta dube ni tana tuƙa. Na yi ta jira har na fara tunanin sunayen da zan raɗa wa jikokin ungulu. Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ke fara. Ki gaya wa mai surutun nan, gamban da ya yanko ɗanye ne. In ya bushe zai ja baya, takalmi ya matse. Haka aka koya masa aiki?"

Na ji ya taka cikin ciyawa, na ji ƙaras, an karyo busasshe. Ban waiga ba, ko da yake wuyana har ciwo yake don son waigawa. Da takun ya yi nisa na juya. Sanda ba ta nan. A inda take, ga tsinke a soke, da tsaga biyu.

Takalmin makiyayi ba irin na zuwa Idi ba ne. Tafinsa ninki uku ne. Za ka jiƙa ƙirgin, ka buge shi a kan dutse har ya haɗe, ka tsaga ɗan layi a ƙasa ka binne ɗinkin a ciki don kada tsakuwa ta ci shi. Kwana uku na yi a gindin bukkar Nenne ina suka ina ja, yatsuna suka yi hudar da in na sha ruwa ina tsoron ya tsiyaye ta nan. Na gusa hancin hagu daidai tsagar sama. Na shafa man shanu, Nenne ta ce na fi takalmin shan man. Da na gama ban miƙa wa kowa ba. Na ɗaure tsinken a jiki, na rataye a turken dangwali, inda ake ɗaure maruƙa, na yi kamar iska ce ta kawo. Na ɗauki burgamina na koma Shagari.

Ranar kasuwa da hantsi garke ya biyo burtali ta bayan rumfuna. Ina zaune kusa da Kawu, ina ta leƙen hanya. Ga Dikko can a gefen shanu, sanda a wuya, hannuwa rataye a kanta. Na dubi ƙafarsa. Ba sheƙi. Jar igiya ce, ɗinkina, yana taku daidai, hagu da dama. Da ya zo saitinmu bai dube ni ba, sai dai ya ɗaga ƙafar hagu ya karkaɗe ƙurar da babu ita.

Ja'e yana tsaye bakin rumfarmu da Sambo a wuya, ya ba garken baya, yana kallon wani raƙumi kamar bai taɓa ganin raƙumi ba. Sai da ƙarar kofato ta yi nisa sannan ya ce da Kawu, "Arzika, ƙirgin bana ba laifi." A bayansa samarin ruga huɗu suna cire takalma, suna jiran a zana.

Da la'asar muna naɗe kaya, Kawu ya miƙe, ya ɗaga kai yana kallon sama, inda ko tsuntsu babu. Sai na ji wani abu ya faɗo a kan tabarma. Wuƙa ce sabuwa, da kube ja.

"Akwai wani yaro nan rumfar," in ji shi. "In ya ga wuƙa ta ragu."

Godiya ta taso mini har maƙogwaro, irin wadda za a ji har can garin Sifawa. Na haɗiye ta. Na juya wajen jakinmu na ce, "Kai jaki, ka ce an gani."

Ita ce wannan da kuke gani a gefena, kuma ba ta aro ba ce, kada wanda ya taɓa. Kai mai majina, da ka ce za ka gama takalmi kafin la'asar, ga majema can bayan gari, ungulayen sun daɗe ba su sami abokin rakiya ba. In kuma kun ga tsinke yashe a kan tabarmar nan, ku nemi wani abin sakace. Ƙafar wani ce.